Firijin gwanjo da kuɗin wuta: Abin da Zariya za ta koya daga ma'aunin Ghana, Indiya da Turai

Tun daga ranar 3 ga Afrilun 2024, lokacin da Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, wato NERC, ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya ga 'yan Rukunin A daga kusan Naira 68 zuwa Naira 225, hirar wuta a majalisun birnin Zazzau ta sake salo. A da kukan ɗaya ne, ba a kawo ba. Yanzu kukan ya zama biyu, domin ko an kawo, mita tana lashe kati tun wata bai raba ba. Daga baya an ɗan sassauta farashin ya dawo ɗari biyu da 'yan kai, amma hakan bai kashe maganar ba. Wanda kuma unguwarsu ba ta shiga Rukunin A ba, shi ma bai tsira ba, tunda janareta ke cike masa giɓi, ga shi fetur ya yi tashin gwauron zabo tun bayan cire tallafi a Mayun 2023.

A duk wannan hira, kamfanin rarraba wuta da gwamnati ake nuna wa yatsa, kuma suna da nasu kason. Sai dai akwai wani ɓangare na lissafin da ba a cika tayar da shi ba, shi ne kayan da muke jonawa da wutar. Firiji biyu masu girma ɗaya, masu sanyi ɗaya, za a iya samun guda yana cin wuta ninki uku ko huɗu na ɗan'uwansa. Mai saye ba zai gane haka da ido ba, kuma sau da yawa shi kansa mai shagon bai sani ba.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga cikin ganuwa, inda abincin dubban gidaje ke rataye da wuta. Daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo, daga Kwarbai zuwa Ƙofar Gayan, akwai teloli da masu aikin surfani da keken lantarki, da masu guga, da masu injin markaɗe, da masu cajin waya, da matan aure da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya daga firiza guda da ke ajiye a tsakar gida. Ga irin waɗannan, kuɗin wuta jari ne da ake cirewa daga riba kowace rana.

Lissafin da kowa zai iya yi

Yunit ɗaya da mita ke cirewa shi ne abin da na'ura mai wat 1,000 za ta ci a awa guda. A ɗauki gida mai ƙwan lantarki biyar irin na da, masu zare, kowanne wat 60, ana kunna su awa shida a rana. A wata za su ci yunit 54. Idan aka sauya su da ƙwan LED mai wat 9, wanda haskensa bai gaza na wancan ba, abin da za su ci bai wuce yunit 8 da ɗan ɗoriya ba. A farashin kusan Naira 210, na farko ya haura Naira 11,000, na biyu kuwa kusan Naira 1,700 ne.

Haka zancen yake ga fankar sama. Wadda aka saba da ita tana jan wat 70 zuwa 75, alhali akwai sabon samfuri mai mota ta daban da ke ba da iska iri ɗaya da kusan wat 30. Ga mai sola, wannan bambanci shi ke raba tsakanin batirin da ke kai wa asuba da wanda ke mutuwa ƙarfe biyun dare.

Idan aka faɗaɗa lissafin zuwa ƙasa baki ɗaya, a nan hankalin masu tsara manufa ya kamata ya tsaya. Kowane ƙwai da aka sauya yana rage wat 51. Ƙwai miliyan 12 ke nan sun kai kusan megawat 600, daidai da ƙarfin tashar Shiroro gaba ɗayanta. Tashar Zungeru mai megawat 700 ta ci kusan Dala biliyan 1.3 da shekaru masu yawa kafin a kammala ta. A ƙasar da mutum fiye da miliyan 200 ke rububin megawat 4,000 zuwa 5,000, wutar da aka hana ta zubewa a banza ta fi wadda za a gina wa sabuwar tasha araha nesa ba kusa ba.

Yadda wasu ƙasashe suka ɓullo wa abin

Ƙasashe fiye da 120 suna da wani nau'i na dokar tsimin wuta a kan kayan gida, kuma kusan duka da makami biyu suke aiki. Na farko shi ne ma'aunin da ke cewa duk na'urar da cin wutarta ya wuce kaza ba za a ƙera ta ko a shigo da ita ba. Na biyu shi ne takardar da ake manna wa a jikin kaya, wadda ke gaya wa mai saye matsayin abin da zai saya. Ma'auni yana share mafi muni daga kasuwa, takarda kuma tana jan mai kuɗi zuwa mafi kyau.

Jihar Kalifoniya ta Amurka ce ta fara gindaya wa firiji ma'auni a tsakiyar shekarun 1970, gwamnatin tarayyarsu ta bi sahu da dokar 1987. Masu masana'antu sun yi ta kukan cewa kaya za su yi tsada. Abin da ya faru shi ne, firijin Amurka na yau yana cin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da na wancan zamani ke ci, ga shi ya fi girma, kuma farashinsa ya sauka idan aka cire hauhawar farashi. Japan ta bi wata hanya tun 1999: sai a duba na'urar da ta fi kowace tsimi a kasuwa, a mayar da ita mizanin da sauran kamfanoni za su cimma cikin 'yan shekaru. Tarayyar Turai kuwa tana amfani da haruffa daga A zuwa G. Da kaya suka yi ta inganta har aka kai ga A mai alamar tarawa uku, mai saye ya rikice, sai suka sake zana ma'aunin a Maris na 2021, yawancin firijin da ke matakin ƙoli suka koma tsakiya. Darasin da ke nan shi ne, ma'aunin da ba a sabunta shi ba yakan zama ado.

Amma waɗannan ƙasashe ne masu wutar da ba ta ɗaukewa, da masana'antu nasu na kansu, da kwastan da ke da ɗakunan gwaji. Idan ana neman wanda za a yi koyi da shi, Ghana ta fi kusa da mu.

A 2007 ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, Ghana ta faɗa cikin rabon wuta mai tsanani. Gwamnati ta sayo ƙwai miliyan shida masu tsimi, irin masu lanƙwasa ɗin nan, ta raba kyauta, ta karɓe tsofaffin. Hukumar Makamashi ta ƙasar ta ƙiyasta cewa wannan kaɗai ya rage megawat 124 a lokacin da aka fi jan wuta da almuru. Ba su tsaya nan ba. Binciken da suka yi ya nuna cewa firijin da ke gidajensu, wanda akasari gwanjo ne daga Turai, yana cin kusan yunit 1,200 a shekara, alhali sabo mai inganci ba ya kai kashi ɗaya cikin uku na haka. Sai suka yi dokar 2008 da ta haramta shigo da tsohon firiji da tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki da ƙwai mai zare. 'Yan kasuwa suka yi tirjiya, aka yi ta ɗage ranar fara aiki, sai a 2013 haramcin firijin ya tabbata. Kafin nan, a 2012, an buɗe shirin musanya, mutum ya kawo tsohon firijinsa mai aiki, a ba shi rangwame ya sayi sabo mai taurari. Yau a shagunan Akara da Kumasi, takardar taurari a ƙirjin firiji abu ne da ido ya saba da shi.

A mayar da wannan lissafi zuwa Naira. Idan tsohon firiji na cin yunit 1,200 sabo kuma 300, bambancin yunit 900 ne, wato kusan Naira 189,000 a shekara a farashin Rukunin A, idan wuta ta tsaya. Ko da rabin lokaci ake samun ta, rabin wannan kuɗi ba abin wasa ba ne ga mai sayar da ƙanƙara. Arahar da aka samu ranar saye ana biyan ta ne da kaɗan-kaɗan, har ta ninka.

Indiya ta ƙara wata dabarar da ta dace da talaka. Hukumarsu ta tsimin makamashi, da aka kafa a 2002, ta fara manna taurari a 2006, ta wajabta su a kan firiji da na'urar sanyaya ɗaki a 2010. Amma abin da ya fi yin tasiri shi ne shirin UJALA na 2015. Wani kamfanin gwamnati ya riƙa yin odar ƙwan LED miliyoyi a lokaci guda, yana sa masu ƙerawa gasa. Farashin ƙwai ɗaya da yake saye ya faɗo daga Rufi 310 a 2014 zuwa Rufi 38 a 2016, kuma an raba fiye da miliyan 360. Ba a hana kowa komai ba da farko, an karya farashin mai kyau ne har marar kyau ya rasa mai saye. Daga 2020 suka ce duk sabuwar na'urar sanyaya ɗaki ta fito daga masana'anta a saite kan digiri 24, daga 2023 kuma taurari suka zama tilas a kan fankar sama.

Inda kwatance ke yaudara

A nan ne ya kamata mai tsara manufa ya yi taka-tsantsan, domin jera lambobin ƙasashe a tebur ɗaya abu ne mai sauƙi, amma ba duka da awo ɗaya aka auna su ba. Tiya ta Kano da mudun wani gari ba lallai su zo daidai ba. Taurari biyar na Indiya ba su ne taurari biyar na Ghana ba, kuma harafin A na Turai kafin 2021 ba shi ne A na yau ba. Wasu ƙasashe suna gwada na'urar sanyaya ɗaki a zafi guda ɗaya tak, yawanci digiri 35 a waje. Wasu kuma suna lissafa aikinta a tsawon kakar zafi gaba ɗaya, bisa yanayin ƙasarsu. Indiya ta ƙirƙiro nata ma'aunin kaka ne saboda ta ga na Turai bai san zafinta ba. Shi ya sa masu irin wannan bincike, kamar Hukumar Makamashi ta Duniya da ke Faris da ƙungiyar CLASP, sukan fara da juya lambobin zuwa awo ɗaya kafin su ce wane ya fi wane.

Ga misalin da ya shafi Bazazzagi kai tsaye. Kowane firiji yana da ajin yanayin da aka ƙera shi domin sa, kuma a rubuce yake a ƙaramin allon da ke bayansa ko a cikinsa. Mai harafin N ko SN an yi shi ne domin ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba. Mai ST yana jure 38, mai T kuma 43. Da yawa daga firijin gwanjo da ke zuwa daga arewacin Turai na ajin farko ne. A watannin Maris da Afrilu zafin Zariya yakan haura 35, a shagon da aka rufa da kwano kuwa ya wuce nan. Sai kwamfiresa ta yi ta aiki ba hutu, ta ci wuta fiye da abin da aka rubuta, ta kuma mutu da wuri, musamman idan aka haɗa da wutar da ke zuwa rabi-rabi. Firijin da ya ci jarrabawa a Jamus zai iya faɗuwa a Limancin Kona. Haka na'urar sanyaya ɗaki take da ajin T1 na matsakaicin zafi da T3 da ake gwadawa a digiri 46, kuma na biyun ya fi dacewa da Sakkwato da Maiduguri.

Saboda haka kwafo dokar Turai kalma da kalma ba zai yi mana magani ba. Abin da kwatance ke da amfani a kai shi ne ya nuna mana ratar da ke tsakanin abin da ake sayar mana da abin da duniya ta riga ta iya ƙerawa a farashi mai sauƙi. Rahoton Hukumar Makamashi ta Duniya na 2018 a kan sanyaya ɗaki ya nuna cewa matsakaiciyar na'urar da mutane ke saye ingancinta kusan kashi ɗaya cikin uku ne na mafi kyawun da ake da shi.

Akwai kuma wani abin da kwatance ke tonawa, wanda ya fi ɗaci. Duk lokacin da wata babbar ƙasa ta ɗaga ma'auninta, kamar yadda Sin ta yi wa na'urorin sanyaya ɗaki a 2020, masana'antar da ke ƙera tsohon samfuri ba ta rufewa. Kasuwar da ba ta da mai gadi take nema. Wani binciken CLASP na 2020 a manyan kasuwanni goma na Afirka, har da Najeriya, ya gano cewa kusan kashi 35 cikin 100 na na'urorin da ake sayarwa masu ƙarancin inganci ne, irin waɗanda da yawansu ba za su samu izinin sayarwa a ƙasashen da suka ƙera su ba. Abin lura shi ne sababbi ne fil, a kwalinsu. Ke nan matsalar ta wuce gwanjo.

Ina Najeriya ta tsaya?

A takarda ba a bar mu a baya ba. Akwai manufar ƙasa ta makamashi mai sabuntuwa da tsimin makamashi ta 2015. A 2017 Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ta fito da ma'auni da takardar shaidar cin wuta ga na'urorin sanyaya ɗaki. Hukumar Makamashi ta Ƙasa tana da cibiyar tsimin makamashi a Jami'ar Legas da cibiyar bincike a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Amma mai karatu ya zaga shagunan kayan lantarki na Sabon Gari ko Tudun Wada ya ƙirga kaya nawa ke ɗauke da takardar, ya kuma tambayi masu saye nawa suka san ma'anarta. Ƙwan LED ma da ya cika kasuwa, akwai wanda aka rubuta wa wat 15 alhali haskensa bai kai na 7 ba, kuma ba ya wata uku. Irin wannan jabu shi ke sa mutane su yanke ƙauna daga kayan tsimi baki ɗaya.

A ganina babban cikas ma ba a kanti yake ba, a bangon gida yake. Alƙaluman NERC sun daɗe suna nuna cewa kusan rabin masu rajista da kamfanonin wuta ba su da mita. Wanda ake kawo wa takardar ƙiyasi, ko ya sayi firijin da ya fi kowanne tsimi, kuɗin da za a rubuta masa ba zai ragu ba. To don me zai ƙara kuɗi ya saya? A gidajen gado na cikin birni, inda sassa biyar ko goma ke kan layi ɗaya ana karo-karo, abin ya fi rikitarwa, domin mai ƙwai biyu da mai firiza da hita duk kai ɗaya ake raba musu. Duk dokar tsimi da ba ta tafi tare da raba mita ba, aikin baban giwa ce.

Sai kuma batun da ba za a kauce masa ba: haramta gwanjo irin na Ghana zai taɓa abincin mutane. Akwai masu shigo da shi, da dillalai, da dubban masu gyara da suka koyi sana'a a kansa, ga kuma magidancin da sabon firiji ya fi ƙarfin albashinsa na wata biyu ko uku. Ita kanta Ghana shekara biyar ta ɗauka tsakanin doka da aiwatarwa, kuma fasa-ƙwauri bai ƙare ba. Ƙasa mai iyakoki irin namu, idan ta yi haramci ba tare da samar da madadi ba, farashin gwanjon kawai za ta ɗaga. Abin da ya fi kama hankali shi ne a fara da tsarin Indiya kafin na Ghana: a karya farashin mai kyau ta hanyar sayen sari, a buɗe hanyar biya kaɗan-kaɗan ta ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na ma'aikata, sannan a rufe ƙofa ga sabon kaya marar inganci, wanda shi ya fi sauƙin tarewa tunda ta tashar jirgin ruwa da takardun SON yake bi. Gwanjo ya zo daga baya.

A ɗan ratse kaɗan, domin Zariya tana da abin faɗa a wannan fage tun kafin zuwan lantarki. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon soro na ƙasa da azara da tsakar rana ya san sanyin da ke ciki. Katanga mai kauri tana riƙe zafin rana sai dare ta sake shi. Gine-ginen Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na birni a ƙarni na 19, a kan wannan ilimi suka tsaya. Yau ana rushe ƙasa ana ɗora bulo da kwano ba silin, sannan a nemi fanka da na'ura su gyara abin da gini ya ɓata. Babu ma'aunin kaya da zai cike wannan asara, kuma sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba.

Ba komai ne sai an jira Abuja ba. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, kuma ko ba ita, gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi su ne manyan masu sayen fanka da ƙwai da firiji domin makarantu da asibitoci da ofisoshi. Idan aka rubuta a takardar kwangila cewa fanka kada ta wuce wat kaza, firijin magani kuma ya zama ajin T, 'yan kasuwa za su kawo irinsa, kuma abin da suka kawo wa gwamnati shi zai sauka a kanti. Kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya da ke karo-karon sayen sola su ma za su rage kuɗin batir idan suka fara da sauya fankoki kafin su auna girman abin da za su saya.

Shi kuwa mai shirin sayen firiji ko firiza a wannan bazara, ya sa a juya masa bayanta ya karanta allon. Ya nemi harafin T ko ST, ya duba yawan yunit da aka ce tana ci a shekara ko a rana, ya ninka da farashin da kamfanin wuta ke cajinsa, ya tara da kuɗin saye na tsawon shekara biyar. Idan an kankare allon ko babu shi, ya nemi mai gyara ya jona mata ƙaramar na'urar auna jan wuta kafin a yi ciniki.